Audugar Mainasara Zafaka

Sunansa Muhammadu Mainasara, ɗan Namadi mai koli, ɗan Zakariyya na Katuru, ɗan Mahmuda wanda ya fara sare dajin da zuriyarsu ke nomawa har yau a ƙasar Shinkafi. Mahmuda da Zakariyya manoma ne, gero da dawa suka sani. A Katuru aka haife su, a nan kuma aka rufe su. Namadi ne ya fara barin gida. Ya koma Kaura Namoda bayan jirgin ƙasa ya iso garin, ya kafa teburin koli kusa da tasha, yana sayar da allura da zare da kwalli, da ɗan kajiji da kanumfari a gefe guda. A wannan gefen teburin Mainasara ya girma, daga nan kuma ya ɗauki sana'ar turare.

Kaɗan ne a Kaura suka san shi da sunansa na yanka. Zafaka ake ce masa. Yaran yanzu idan sun ji sunan suna zaton zagi ne, domin a ƙarshen rayuwarsa kananzir yake sayarwa, rigarsa kuwa ba ta rabuwa da warinsa. Na ɗauki alƙalami ne domin in gyara wannan kuskure. Na koyar a makarantun ƙasar Kaura da ta Zurmi har na zama hedimasta, na ajiye aiki ina sufeton makarantu, kuma ban taɓa barin ɗalibi ya yi amfani da kalmar da bai san asalinta ba. Ba zan zuba wa garinmu ido ya yi haka da sunan mutum ba.

Kalmar ba Hausa ba ce, ba Fillanci ba, ba kuma Larabci ba. A zamanin da gwamnati ke ɗauko ma'aikata daga ƙasashen waje, an kawo mana wani likitan dabbobi ɗan ƙasar Poland, wanda mahauta da Fulani ke kira Dogon Bature. Mainasara yana saurayi a lokacin, yana yawo da akwatin gilashi cike da kwalabe. Yana da wani wasa da yake tara jama'a da shi ranar kasuwa. A ɗaure masa idanu da rawani, a buɗe kowace kwalba a kawo kusa da hancinsa, shi kuwa ya faɗi abin da ke ciki da abin da aka gauraya, wani lokaci har ya ƙara da cewa wanda ya haɗa ya yi rowar sandal. Wata rana Baturen ya tsaya kallo, sai ya aika aka ɗauko masa turaren matarsa daga mota. Mainasara ya shinshina, ya ambaci abu uku, ya ce na huɗun wani fure ne da bai taɓa gamuwa da shi ba, kuma ba ya zaton yana tsira a ƙasa mai zafi. Baturen ya yi ta dariya, yana taɓa nasa hancin, yana nuna Mainasara, yana cewa "zapach, zapach". Bakin mutanen Kaura ya mai da ita Zafaka, sunan ya bi shi.

Na daɗe ina neman ma'anar kalmar. Sai a wani taron malamai a Sakkwato na gamu da wata malama 'yar ƙasar ta Poland, wadda ta koyi Hausa tun a garinsu, Hausarta kuwa tsaf. Ta ce a harshensu zapach shi ne abin da hanci ya ji, amma ya fi karkata ga mai daɗi. Ta raba mini ita gida biyu. Za ɗafi ne da ake liƙawa a goshin kalma. Pach ita ce saiwar, tsohuwa ce a harsunan yankinsu, kuma masana suna danganta ta da kaɗawa ko fifita, irin yadda iska ke yi. Ke nan a wurin kakanninsu ƙamshi abu ne da iska ta kaɗo wa mutum. Ni ma na sanar da ita cewa muna da ƙamshi da wari da ɗoyi da ƙarni da ƙauri da hamami da zarni, kowanne da gurbinsa, ta rubuta su duka. Abin da nake so mai karatu ya riƙe shi ne, Zafaka suna ne na yabo. Baƙo ya ga gwaninta, ya yaba ta da harshen uwarsa.

Mainasara ya kafa rumfa a kasuwar Kaura, yana cin ta Shinkafi ran Alhamis, yana leƙa Kasuwar Daji da ta Zurmi. Ya auri Kulsumu, 'yar wata mai haɗa humra a Zurmi. Da wuya a kai amarya a gidan da ya san kansa ba tare da turaren wutar Zafaka a cikin kayanta ba.

Abin da zan faɗa daga nan ba wanda ya san shi a lokacin. Shi da kansa ya ba ni labari a ƙarshen rayuwarsa, bayan rasuwar Kulsumu, ya kuma yarda in rubuta.

Kusan shekara takwas kafin a ba mu jiha, motar kasuwa ta kife da su a hanyar Shinkafi. Kansa ya bugu. Ya yi jinya, ya tashi, ciwon kai ya tafi, kowa ya yi masa barka. Wata rana da hantsi yana zaune a tsakar gida yana goge kwalabe, tuwo ya kama a tukunya har ƙaurinsa ya kai maƙwabta. Kulsumu ta fito daga ɗaki a guje ta sauke tukunyar, sannan ta tsaya tana dubansa.

"Maigida, kana nan zaune tuwo yaƙ ƙone?"

"Ban ji ba."

"Kai? Kai da kaka sanin na sa daddawa tun kana bakin zaure?"

Ta ɗauki kwalbar almiski daga cikin waɗanda yake gogewa, ta ɓoye ta a tafin hannu, ta kai masa hanci.

"Mi na wanga?"

Ya shaƙa har idanunsa suka kawo ruwa. Ya ce, "Ruwa. Ni dai ruwa nika ji, Kulsumu. Tun da na tashi haka abin yake."

Ta zauna a gefen tabarma. Suna da 'ya'ya ƙanana, ba shi da gona a Kaura, ba shi da wata sana'a. Can ta ce, "To, ai nawa bai mutu ba. Ka riƙa kawowa, in riƙa shinshinawa."

Ga yadda suka tsara aikin. Idan dillalai suka kawo kaya daga Kano ko Maiduguri, Mainasara sai ya ciro auduga daga aljihu, ya tsoma ɗan ƙulli a kowace kwalba, ya naɗe kowanne daban a leda. Ya ce wa dillali ba ya yanke ciniki sai turare ya kwana a auduga, domin a nan ne ake gane na kirki. Ya kai gida. Kulsumu ta warware su ɗaya bayan ɗaya, ta ce wannan an surka shi da mai, wancan hawin da aka sa cikin haɗinsa tsoho ne, wannan kuwa a saye shi duka. Washegari ya koma ya maimaita maganarta kamar tasa. Idan wata uwar amarya ta aiko da ɗankwali ta ce irin ƙamshin da ke jiki take so, sai ya ce a dawo gobe. Haɗin humra da turaren wuta kuwa dama a gida ake yinsa, ba wanda ya tambayi hannun wa ya auna. Wasan ɗaure ido ne kaɗai ya bari. Ya ce mai iyali ba ya rufe fuska da rawani a tsakiyar kasuwa, mutane suka ce ya yi hankali.

Abin mamaki, cinikinsa ƙaruwa ya yi, domin hancin Kulsumu bai gaza nasa na dā ba. Sauran masu turare suka ga haka, suka ɗauka asirin yana cikin audugar. Daga Kasuwar Daji har Shinkafi kowane mai turare ya shiga yawo da auduga a aljihu. Da idona na ga wani a Zurmi ya ƙi taya kwalba guda, ya ce shi ma sai audugarsa ta kwana. Suna kai ta gida, su ajiye a ƙarƙashin matashi, su shinshina da safe da hancin da suka shinshina jiya, su ce lallai Zafaka ya san aiki.

An ba mu jihar Zamfara a shekarar 1996. A farkon shekarar 2000 aka fara aiki da Shari'a. Ina cikin waɗanda suka yi murna, har yau kuma ban janye ba. Abin da zan faɗa ba a kan dokar Allah yake ba, a kan gaggawar mutane yake. A watannin farko rumfar Mainasara ba ta rabuwa da jama'a, kowa yana neman almiskin Juma'a.

Maƙwabciyarsa katanga da katanga ita ce Kyauta mai daddawa, wadda mijinta ya rasu ya bar ta da ɗa guda, Mudi. Akwai 'yar ƙofa a katangar, wadda ita da Kulsumu ke bi su shiga wurin juna. Mudi ɗan kabu-kabu ne. Wata rana bayan azahar ya faɗi da babur ɗinsa kusa da kasuwa, ya tashi yana tangaɗi, idanunsa jawur. Wasu samari masu sa kai wajen tsaron tarbiyya a unguwa suka kewaye shi. Babbansu, Sirajo, ya sunkuya ya ce warin giya yake ji. Mudi ya rantse cewa fetur ya zuƙa da tiyo daga jarka, kamar yadda 'yan kabu-kabu ke yi lokacin wahalar mai, ya haɗiye wani, shi ya juya masa kai. Aka wuce da shi kotu. Alƙali ya ce doka tana son shaidu biyu adalai waɗanda suka san warin, kuma a hanzarta kafin ya gushe. Sirajo ɗaya ne. Da aka ce wa zai zama na biyu, bakin jama'a ya haɗu a kan suna guda.

Sirajo ya isa rumfa yana haki. "Baba Zafaka, tashi. Yau hancinka zai yi wa addini aiki."

"Ku bari in rufe kaya."

"Mu rufe maka. Iska na kwashe shaida."

Ina cikin waɗanda suka cika kotun ran nan. Alƙalin dattijo ne mai natsuwa, ban ga laifinsa a komai ba. Ya dubi Mainasara ya ce, "Malam Mainasara, ka san warin giya?"

"Na san shi, Allah shi gafarta malam. Mun sha gamuwa da turaren da anka surka da irinta."

"To, matsa ka shinshina bakinsa. Ka sani shaida amana ce. In maganarka ta zo daidai da ta farko, bulala tamanin ce. In ta saɓa, shakka ta shiga, sai in sallame shi."

Daga wajen taga, inda mata suka tsaya, muryar Kyauta ta shigo. "Mainasara, gabanka anka haife shi! Kai kar raɗa mashi suna!"

Aka tsawata mata. Mainasara ya matsa. Mudi ya buɗe baki ya huro numfashi, yana kallonsa kamar yadda ɗa ke kallon uba. Na ga hannun Mainasara ya shiga aljihun rigarsa, ya ɗan jima a ciki, ya fito babu komai. A lokacin ban ba abin wata ma'ana ba. Ya ja da baya, ya fuskanci alƙali.

"Allah shi gafarta malam, a nemi wani. Hancina ya mutu tun haɗarin hanyar Shinkafi. Ba ni jin ƙamshi, ba ni jin wari. Ko tukunyar giya anka aje gabana, ba ni sani."

Kotu ta ɗauki dariya, domin an zaci raha ce. Sirajo ne ya fara gane da gaske yake. Ya daka tsalle ya ce, "Ƙarya ce! Jiya-jiya ya saida mani turare! Maƙwabcinsa yaka son ya kare!"

Alƙali ya ce ba a ƙaryata dattijo da baki, a gwada shi. Ya sa aka ɗaure masa idanu. Ba a sami ƙyalle ba, sai wani ya kwance rawaninsa ya bayar. Mu da muka girma a Kaura muka dubi juna, domin da wannan wasan ya sami sunansa. Aka kawo kananzir, ya ce ruwa. Aka kawo almiskinsa na rumfa, ya ce ruwa. Sirajo ya ce ai kowa yana iya cewa ruwa, ya aika aka ɗebo ruwan jima daga wurin majema, wanda tun daga ƙofa mutane suka toshe hanci, har magatakarda ya fita. Aka kai shi daf da fuskar Mainasara. Ko gezau bai yi ba, yana numfashinsa a hankali, yana jiran a kawo abin da za a kawo.

Alƙali ya ce a kwance shi, ya tafi, Allah ya saka masa da faɗin gaskiya. Wannan ce addu'a ta ƙarshe da na ji an yi masa a bainar jama'a. Kafin ya kai ƙofa an sami shaida na biyu, wani mai faci da ake kira Muhtari. Ya shinshina, ya ce giya ce. Aka yanke hukunci, daga baya aka zartar a fili. Ban san ko Mudi ya sha ko bai sha ba. Ban shinshina ba, ba kuwa zan rubuta abin da ban sani ba.

Abin da na sani shi ne, garin nan bai bar wa Mainasara gefe guda da zai jingina ba. Kyauta ta sa aka kwaɓa ƙasa aka toshe 'yar ƙofar katanga. Tana tsaye ana yaɓen, tana magana yadda za a ji a ɗaya gidan. "Kalma guda ce, ka ce babu warin! Wa zai ƙaryata Zafaka a Kaura? Kalma guda ta gagare ka, ka bari anka zane mani ɗa!" Su Sirajo kuwa suka ce mutumin da ya shekara fiye da goma yana sayar da abin da ba ya ji, mayaudari ne, da ma shi aka fara gurfanarwa. Matan da jiya suke yabon humrarsa suka shiga aiko da kwalabe a mayar masa, har da waɗanda suka sha rabi. Wata ta ce dama ta daɗe tana jin ƙamshin ya canza. Masu turare suka daina yawo da auduga, ba wanda ya yarda ya taɓa yi.

'Yan kasuwa suka yi ta tsokanarsa. "Zafaka, to wa ke ji maka? Aljani?" Ba ya amsawa. Kulsumu ta roƙe shi. "Maigida, ka gaya masu ni ce. In sunka san an shinshina, su dawo."

"In sa ki a bakin 'yan kasuwa? Kowane ɗan dako shi riƙa tambayata mi hancin matata yac ce? A'a."

Ni a ganina ya yi kuskure a nan, na kuma faɗa masa daga baya. Amma gidansa ne, matarsa ce. Dillalai suka daina tsayawa a rumfarsa. Ya sayar da akwatin gilashin da ya fara sana'a da shi, ya sayi duro da mazurari, ya koma sayar da kananzir a bakin tasha, kusa da inda teburin mahaifinsa yake a dā. Mutane suka ce sana'ar ta dace da shi, tun da shi kaɗai ne ba ta damu ba. Mudi ya kwashe uwarsa suka koma Shinkafi, ba su yi sallama ba. Kulsumu ta rasu bayan 'yan shekaru. An ce da aka zo yi mata wanka, turaren da aka sa wa likkafaninta daga wata rumfa aka sayo shi, domin babu ko ɗigo a gidan.

Bayan rasuwarta ne na fara zama wurinsa da la'asar. Nakan zo da kujerata, in zauna ta inda iska ba ta kawo mini warin duro. Wata rana na ba shi labarin malamar Sakkwato, na bayyana masa asalin sunansa gaɓa da gaɓa, har da zancen iskar da ke kaɗowa. Ya saurara da kyau, ya yi 'yar dariya, ya ce, "Hedimasta, ashe suna mai kyau na. To, ni dai iskar ta daɗe da daina biyowa ta nan." A ranar ce ya ba ni labarin Kulsumu da auduga, tun daga ƙaurin tuwo. Sai na tuna da hannun da ya shiga aljihu a kotu.

Na ce masa, "Mainasara, ka rufe wannan al'amari shekara da shekaru. Dillalai ba su gane ba, kasuwa ba ta gane ba, ni da nake taƙama da lura ban gane ba. Ran nan da ka ce babu, da Mudi ya tsira, da rumfarka tana nan, ba mai sani sai Allah. Don me ka tona kanka?"

Ya gama zuba wa wata mata kananzir a kwalba, ya goge hannunsa a riga, sannan ya juyo.

"Hedimasta, duk kwalbar da na saida a garin ga, an shinshina ta. Ban taɓa ce ma kowa abu na da kyau ba sai Kulsumu ta ce yana da kyau. Ran nan ma na sa hannu aljihu, audugar na nan. To, ina za ni tsoma ta? Bakin Mudi ba kwalba ba ne. Ba yadda za ni kai mata shi gida."